Zan tafi Istanbul karatun semesta ɗaya, don Allah wanda ya taɓa zama can ya ba ni haske

Ɗan Rijiyar Ɗorowa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nike biɗa wurin waɗanda sunka taɓa zama Turkiyya, musamman Istanbul. Ni ɗalibi ne nan Sakkwato, aji uku nike a jami'a, kuma cikin ikon Allah sunana ya fito cikin waɗanda za su je musayar ɗalibai ta semesta ɗaya, za mu tashi wajen ƙarshen Satumba mu dawo ƙarshen Janairu in Allah ya nufa. Mu biyu anka ɗauka amma abokin tafiyata wani gari daban anka tura shi, ke nan ni kaɗai zan sauka Istanbul. Iyakar tafiyata Abuja ce sai Birnin Konni da muke raka kawunmu kasuwa, ban taɓa hawa jirgin sama ba.

Fasfo ya fito, biza muna jira, takardun makaranta duk sun kammala, abin da ya rage shi ne zaman kanshi wanda har yanzu ba wanda ya yi man bayaninshi. Mi mutum ke ci can? Ni da tuwo da miyar kuka na tashi, da fura da rana, in na kwana biyu ban ci tuwo ba jikina sai ya gaya man. Sanyin fa, an ce har ƙanƙara ke zuba, wane kaya zan saya nan wane zan bari sai na je? Salla fa, akwai masallaci kusa da makarantu ko sai mutum ya yi tafiya? Ga kuma yare, da Turanci anka ce za a karantar da mu amma na ji an ce a kasuwa da cikin mota ba mai kula ka da Turanci.

Sai babbar maganar da ta sa na yi wanga rubutu. Jiya bayan isha'i Baba ya zaunar da ni ya ce karatu zai kai ni ba yawo ba, daga aji sai ɗaki sai masallaci. Inna kuma tun da ta tuna girgizar ƙasar da anka yi can a 2023 hankalinta bai kwanta ba. Na fahimce su ƙwarai kuma ba ni da niyyar saɓa masu. Amma wallahi tun ina yaro a makarantar zaure malaminmu ke ba mu labarin Abu Ayyubal Ansari, wanda Annabi (SAW) ya sauka gidanshi da ya isa Madina, ya ce kabarinshi na can Santambul. Yanzu Allah ya kai ni garin in dawo ban ziyarce shi ba? Ga Aya Sofiya da ake ta magana. Shin wata huɗu na isar mutum ya yi karatunshi yadda ya kamata kuma ya ga gari, ko dole ɗaya ya ci ɗaya? Kuɗin da za a riƙa ba mu ma ba masu yawa ba ne. Wanda ya san wani abu don Allah ya taimaka ko kaɗan ne, na gode.

Na Mabera:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya kai ka lafiya ya maido ka lafiya. Irin wannan tafiyar na yi kuma daidai watannin da za ka yi su na yi, don haka bari in faɗa maka yadda zaman yake, maganar ziyara kuma akwai waɗanda sunka fi ni sani.

Satin farko ba na karatu ba ne, na takardu ne. Akwai izinin zama da suke kira ikamet, za ka cika fom a intanet, ka yi inshorar lafiya, ka kai hotuna da shaidar inda kake kwana, ofishin ɗaliban waje na makarantarku zai nuna maka hanya, kada ka ce sai gobe. 'Yan sanda na tsayar da baƙi a tasha da bakin titi su nemi takarda, ba faɗa ba zagi, amma in ba ka da abin nunawa ranarka ta ɓaci. Sai Istanbulkart, kati ɗaya ne da shi za ka hau bas da tiram da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin ruwa, kuma da zarar sunanka ya shiga rajistar makaranta ka nemi na ɗalibai, ragin ba kaɗan ba ne, shi ne ma zai sa yawon ya yiwu da ɗan abin da ke hannunka.

Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne, ka shafa mai ka ji wuta da safe zuwa hantsi ya wuce. Nasu jiƙaƙƙe ne, yayyafi sai ya kwana uku bai ɗauke ba ga iska daga teku tana shiga har ƙashi. Kuskuren da na yi takalmi ne, da kambas ɗina na je, ranar da anka fara ruwa sosai a Nuwamba na isa aji safata ta jiƙe sharkaf, na zauna lakca awa uku ba na jin yatsun ƙafata, da na koma ɗaki na cusa takardu cikin takalman na jingina su jikin ƙarfen ɗumama ɗaki har safe ba su bushe ba. Suwaita ɗaya ko biyu daga wurin 'yan gwanjo sun ishe ka sauka, amma babbar jaket da takalmin da ruwa bai ratsawa ka bari sai ka je. Kowace unguwa na da ranar kasuwarta a sati kamar dai yadda Acida da Illela ke ci, pazar suke ce mata, can kaya sun fi araha nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi rikita ni ma duhun safiya ne. Suna gabanmu da awa 2, kuma a Disamba da Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, asuba wajen bakwai saura, magariba wajen shida. Ka sallame asuba ka sha shayi ka kama hanyar lakca fitilun titi na kunne. Azahar da la'asar da magariba kuma sai su matso kusa da juna duk cikin lokacin aji. Amma wurin salla kam kada ka damu ko kaɗan, akwai ɗan masallaci cikin makaranta da manyan shaguna da tashoshi da yawa, za ka ga an rubuta mescit a ƙofa, bayinsu kuma na da ɗan famfon tsarki ba ka buƙatar buta. Hanafawa ne, ba su ɗaga murya da amin, wutiri raka'a uku suke haɗawa da sallama ɗaya, bayan salla ladan ke jan tasbihi kowa na bi. In ka saki hannu irin namu wani na iya tambayarka, ni wani dattijo ya tambaye ni na ce mishi Maliki, sai ya dafa kafaɗata ya ce mashallah, daga ranar kullum shi ke matsa man wuri a sahu kusa da shi.

Abinci kuwa ɗakin cin abincin makaranta shi ne gatanka, da katin ɗalibi kuɗi kaɗan ne. Miyar adas, wani irin wake ƙanana, mai zafi da burodi, wake da shinkafa wanda in ka barbaɗa yajinka kamar garau-garau, taliya, wani lokaci kaza. Burodi kam ko da shinkafa sai sun haɗa. Akwai ayran, nono ne amma da gishiri, ranar farko na kurɓa ina tsammanin zaƙi na kusa maido shi, daga baya shi ya zame man madadin fura. Ba su cin barkono irin namu don haka a daka maka yaji mai yawa. Ka ce ma Inna ta haɗa maka kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin kunu da zoɓo, daddawar a ƙulle ta leda uku ko huɗu in ba haka ba duk kayanka sai sun ɗauka. Tuwo ba matsala, ka shiga kantin BİM ko A101 ko Şok ka nemi irmik, shi ne semo ɗinmu sak, ko garin masara. Ni duk daren Juma'a nike tuƙawa, farkon da na kaɗa miyar kuka a kicin ɗin hostal wani yaro ɗan Azarbaijan sai da ya buɗe taga saboda daddawa, kafin in taho shi ke tambayata yaushe za a sake yin koriyar miyar nan.

Kuɗi kuma, abin da na sayi kaya da shi ba shi za ka ishe ba, lira na faɗuwa, a 2022 tsadar kaya ta haura kashi 80 cikin ɗari. In kana da 'yan daloli kada ka canza su gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan.

Yare ka koyi ko kalma ashirin ce kafin ka tashi. Namiji abi, mace abla, malami hocam, hojam ake furtawa, in ka ishe mutum na aiki ka ce kolay gelsin, sannu da aiki ke nan, za ka ga fuskarshi ta sake. Ne kadar, nawa ne. Za ka riƙa tsintar kalmomin da ka sani daga Larabci, kitap, kalem, saat, dua. Kallo kuwa za a kalle ka, musamman unguwannin da baƙar fata ba su cika zuwa ba, galibi son sani ne, daga ina kake, wane kulob kake so, wasu su nemi hoto. Akwai marar kirki jefi-jefi ban ce babu ba, na taɓa zama a bas wata ta tashi daga kusa da ni, abin ya tsaya man a rai kwana biyu. Amma waɗanda sunka ba ni shayi sunka hana ni biya ba zan iya ƙirga su ba.

'Yar Giɗaɗawa:

Ƙanena barka da arziki. Duk abin da Yaya Na Mabera ya faɗa haka yake, ni dai ɗayar semestar na yi, daga Fabrairu zuwa Yuni. Maganar Baba nike son in taɓa don irinta anka yi man, ni da nike mace ma ai ka san ta fi tsanani.

Wata huɗu na isa, wallahi na isa in ka tsara. Abin da na yi, Litinin zuwa Juma'a ban san kowa ba sai aji da laburare, Asabar wanki da bita da kiran gida, Lahadi kuma tun da sassafe nike fita wuri ɗaya tak, ba biyu ba, in dawo kafin la'asar. Sati biyu kafin jarabawar tsakiya, vize suke ce mata, da kafin ta ƙarshe, ba ni fita kwata-kwata. A haka na ga abin da mai zuwa yawon sati ɗaya bai gani, kuma ban faɗi kos ko ɗaya ba. Ka faɗa ma Baba gaskiya, ka ce ziyara za ka yi, ka lissafa mishi wuraren da sunayensu. Mutumin da ke kai ku Hubbaren Shehu tun kuna yara ba zai hana ka zuwa kabarin sahabi ba, abin da yake ma tsoro daban ne kuma kai ma ka san shi.

Ka fara da Eyup Sultan, haka suke kiran unguwar da masallacin, yana can ƙuryar mashigin ruwan da ake ce ma Halic. Abu Ayyub da tsufanshi ya fito yaƙi zamanin Mu'awiya, ya rasu a bakin ganuwar birnin anka rufe shi nan, sai bayan Sultan Muhammadul Fatih ya ci garin a 1453 anka gano wurin anka gina masallaci, kuma nan ake ɗaura ma sabon sarkinsu takobi in ya hau gado. Ka je sallar asubar Lahadi, kai ka ma yi sa'a tunda da hunturu asuba na makara. Ni da wasu 'yan Somaliya biyu da muke ɗaki ɗaya munka je, muna isa cikin duhu munka ishe harabar cike maƙil, iyalai da jarirai naɗe cikin bargo, tsofaffi bisa 'yan kujeru, ga wata ƙatuwar tsohuwar bishiya tsakiyar fili da tantabaru ko'ina, bayan an sallame wasu na raba miya mai zafi da alewa sadaka. Na bi layi na shiga, ɗan wuri ne ba babba ba, bango duk tayil mai shuɗi, kabarin na bayan wani ƙarfe mai ado, mutane na wucewa a hankali ba hayaniya. Da na tsaya na yi sallama sai kawai na tuna wanga bawan Allah shi ne ya kwana saman bene yana jin nauyin ya taka bisa inda Annabi (SAW) yake, har ruwa ya zube masu shi da matarshi sunka tsane shi da bargonsu don kada ya ɗiga ƙasa. Hawaye kawai naj ji suna zuba. Ina fitowa na kira Innata daga bakin ƙofa, lokacin ana kiran assalatu a gida, ina jiyo ladanin unguwarmu ta cikin wayar.

Lahadi ta gaba ka hau tiram T1 ka sauka Sultan Ahmet, nan Aya Sofiya take suna kallon juna da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6. Aya Sofiya tun shekarar 537 anka gama ta, coci ce ta Rumawa shekara wajen 900, ta koma masallaci a 1453, anka maida ta gidan tarihi a 1934, sai 2020 anka dawo da salla cikinta. Ka daidaita zuwanka da lokacin salla ka shiga da alwalarka cikin masallata, in an idar ka ɗaga kai ka ga ƙubbar da manyan allunan nan zagayayyu masu sunan Allah da na Annabi da halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Bayanta kaɗan fadar Tofkafi take, ita da kuɗi ake shiga kuma Talata a rufe take, amma ko cefanen kwana biyu za ka rage ka shiga saboda ɗakin amanoni, inda anka aje mayafin Annabi (SAW) cikin akwatin zinare da takubban sahabbai da tsoffin makullan Ka'aba. Da yawansu Sultan Salim ya zo da su bayan ya ci Masar a 1517, kuma akwai mahaddaci zaune yana karatun Alƙur'ani ba a yankewa.

Amma in ni za a tambaya, Sulaimaniyya na fi so, masallacin da babban magininsu Mimar Sinan ya gina, anka gama a 1557. Ba cunkoso irin na can, bayan masallacin akwai ciyawa da ɗan gajeren bango da za ka zauna ka ga teku da jiragen ruwa da hasumiyar Galata duka gabanka, can nike zuwa da handaut ɗina in yi bita, ga masu wake da shinkafa jere a bakin ƙofa. Kuma kada ka ɓata kuɗinka ga jirgin 'yan yawon buɗe ido, ka shiga wanda ma'aikata ke shiga daga Eminonu zuwa Uskudar da katinka, minti ashirin ko ƙasa da haka ka bar Turai ka sauka Asiya. Ka sayi simit, wani burodi ne zagayayye mai riɗi, ka riƙa gutsurawa kana jefa ma tsuntsayen teku suna cafewa a sama. Mu da ba mu san ruwa ba sai gulbin Rima da dam ɗin Goronyo, ranar farko ƙarfe na riƙe gam har munka isa, daga baya kuwa in kewar gida ta dame ni jirgin nan nike shiga in je in dawo.

Babbar kasuwar rufi Kapali Carshi ka je ka ba idonka abinci, shaguna wajen 4,000 ne, amma ba wurin sayayyar ɗalibi ba ne kuma Lahadi ba ta ci.

Baba Alhaji na Arkilla:

Ɗana, ni ba ɗan boko ba na, kasuwa ka kai ni garin ga, shekara da shekaru ina zuwa Laleli da Merter saro kaya. Abin da yayyenka sunka hwaɗi gaskiya na, amma ni ina bayan mahaihinka don na ga abin da ba su gani ba. Na ga ɗiyan mutane da sunka zo karatu sunka ɓige ga zaman unguwar Aksaray, wai suna ma 'yan kasuwa tahinta suna samun 'yan daloli, yau a bar lakca a raka Alhaji shago, gobe a bar ta a kai kaya kago, kahin a ankara semesta ta ƙare ba karatu ba takarda. Kuma mu 'yan kasuwa mu ka jawo su, ban ɓoye ba, don in mutum yag ga yaro Bahaushe mai jin yaren garin sai shi liƙe mai. In marmarin gida ya kama ka ka tahi Aksaray ko Kumkapi ka ci abincin Afirka ka ji Hausa ba laihi, amma da rana, kuma ka koma makwancinka kahin isha'i.

Kada ka amshi saƙon kowa a hilin jirgi, ko wa na na, ko da rantsuwa yac ce magani na ko tsaraba, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba. Kada ka bi wanda yat tare ka wajen Taksim da hwara'a yac ce ku tahi ku sha wani abu, lissahin da za a kawo maka kuɗinka na wata biyu ba su biyanai. Tasi kuma in ba dole ba ka bar ta, in ka shiga ka ce a kunna mita.

Ka hwaɗa ma mahaihiyarka inda anka yi girgizar 2023 can kudu na wajen iyakar Siriya, su Kahramanmarash da Hatay, tahiyar yini guda ta a mota daga Istanbul. Ban ce Istanbul ba ta motsi ba, tana yi, su da kansu sun sani suna shiri, ita dai ta bi ka da addu'a. Kuma ka tahi da kaftani biyu da hula, ran Juma'a ka sa abinka, ni ban taɓa shiga masallaci can da manyan kaya ba face sai an matsa man wuri an ba ni hannu. Allah shi tsare, Allah shi ba da abin da anka je biɗa.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa:

Amin amin, Allah ya saka maku da alheri duka. Baba Alhaji na ji kuma in sha Allahu zan kiyaye, Aksaray sai da dalili. Yaya 'Yar Giɗaɗawa wallahi ina karanta wurin Abu Ayyub tsigar jikina ta tashi, da dare na karanta ma Baba shi tun daga farko har ƙarshe, ya yi shiru, can ya ce in na je in sa shi cikin addu'a kuma in ɗauko mishi hoton masallacin. Tsarin Lahadin nan shi zan bi. Yaya Na Mabera saura 'yan tambayoyi, wani ya ce man wayata za ta daina aiki can, gaskiya ne? Sannan ƙanƙarar nan, ƙannena sun ce lallai sai na turo masu bidiyo ina tsaye cikinta, a Istanbul ɗin take zuba ko sai an je wani wuri? Sai kilishi, Inna na shirin ba da a yi man mai yawa.

Na Mabera:

Maganar waya gaskiya ce. Wayar da ka shigo da ita daga waje in ka sa mata layin Turkiyya kwana 120 take aiki, bayan nan sai su toshe ta sai in ka yi mata rajista, kuɗin rajistar kuwa ya fi kuɗin wayar da yawancinmu ke riƙewa. Ka lissafa, ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Janairu daidai bakin iyaka kake, kuma lokacin jarabawa zai kama. Da wayfay tana ci gaba da aiki, WhatsApp da komi, layin ne kawai ke ɗaukewa. Ni wata 'yar tsohuwar waya mai araha na saya can na sa layin ciki. Layinka na gida kuma ka tafi da shi saboda saƙon banki.

Kilishi ka ce ma Inna ta dakata, kayan nama ana iya karɓe su a kwastan, kada ta yi wahala a banza. Ku ci abinku gida kafin ka tashi, ta maida kuɗin ga yaji da ƙuli-ƙuli. In kuma kana son abin ba malamai da abokai, ka je wurin dukawa ka sayi 'yan jakunkuna da walat na jar fatar akuyarmu, ba su da nauyi kuma mutanen can sun san darajar fata.

Ƙanƙara a Istanbul sai sa'a, wata shekara ta zuba har a rufe makarantu, wata shekara ɗan abin da ke narkewa kafin ya taɓa ƙasa, kuma ta fi zuwa Janairu da Fabrairu. In tabbas kake so Bursa za ka. Jirgin ruwa za ka shiga ka ƙetare tekun Marmara zuwa Mudanya, awa biyu ko ƙasa da haka, daga nan mota zuwa cikin gari. Bursa ce babban birnin Usmaniyawa kafin Edirne da Istanbul, kabarin Usman Gazi wanda ya kafa daular da na ɗanshi Orhan na can bisa tudu, ga Ulu Jami mai ƙubba 20 da wurin alwala a tsakiyar masallacin daga ciki, kana salla kana jin ƙarar ruwa. Daga gari akwai keken igiya, teleferik, da ke hawa da kai dutsen Uludag, tsawonshi ya haura mita 2,500, can da hunturu fari fat ko'ina. Mu biyar munka je har da ɗan Sudan da ɗan Indonesiya, ina sauka na dunƙula ta da hannu haka nan ba safa, minti biyu yatsuna sunka kama zafi kamar na taɓa garwashi, don haka safar hannu da hular sanyi kafin ka hau. Ka bari sai ka gama jarabawar ƙarshe, tsakaninta da ranar tashinka za ka samu kwana biyu ko uku. Ka sayi tikitin jirgin ruwan tun da wuri, kuma da safe kafin ka fita daga hostal ka duba, in iskar da suke kira lodos ta taso sukan soke tafiyar.